Ɓurɓushin daji a cikin jini: abin da gwajin DNA ke gani da abin da ke kuɓuce masa

Duk wanda ya taɓa yin damina a Yamai ya san launin da kogin Isa ke ɗauka a watan Agusta. Ka tsaya kan gadar Kennedy ka leƙa ƙasa, za ka ga ruwan ya yi jawur kamar an dama jar ƙasa a ciki. Wataƙila ko yayyafi ba a yi a unguwarku ba, amma ka san an sheƙa ruwa can wajen kogunan Sirba da Dargol, ta ɓangaren Burkina Faso, tunda ga ƙasar gonakinsu nan tana wucewa ƙarƙashin ƙafarka. Wajen Janairu kuma wani ruwan ne daban ke isowa, mai duhu, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini ya yi watanni a hanya. Masunta da masu lambu a bakin kogi ba sa jiran rediyo, launin ruwa ya ishe su labari.

Jinin mutum ma haka yake. Duk lungun da ya bi a jiki sai ya kwaso wani abu daga can. Masana ciwon daji sun daɗe suna koyon karanta abin da ya kwaso, kuma cikin cututtukan da aka fi gwada dabarar a kansu akwai mugun dajin fatar nan da likitocinmu ke kira melanom. Ni ba sha'awa ce ta kai ni wannan karatun ba. Kawuna ne ya ja ni.

Kawu manomin albasa ne a wani ƙauye na Adar, kudu da Tawa. Shekara uku da suka wuce wani baƙin tabo ya fito masa a diddigen hagu. Mutumin da ya yi shekara 40 yana taka laka da ƙaya, ina zai tsaya kallon tabo a ƙafa? Aka ce faso ne, aka shafa man kaɗe. Aka ce ƙaya ce ta karye a ciki, wanzami ya tona bai samu komai ba. Wurin ya koma gyambo mai baƙin baki, yana tsattsafo da jini duk sanda ya sa takalmi. A wani ɗakin shan magani aka yi ta wankewa ana ɗaurewa har wata bakwai, ba wanda ya ce a yanki nama a duba. Sai da kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ta yi tauri kamar goriba ta ƙi sauka, sannan aka ce a kawo shi Yamai. An yi masa aiki, an cire na ƙafar, an kwashe kaluluwar. Tun daga nan rayuwarsa ta koma jiran ranar sikana. Bayan 'yan watanni ya hau mota, ya bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kilomita wajen 550, ya zo ya kwanta cikin na'ura a duba ko abin ya dawo.

A zuwansa na uku, muna zaune tsakar gida bayan magariba, ya ce mini: "Kai ɗana, in tambaye ka. Masassara, ɗan yatsa kawai ake sokewa, a ɗiga jini bisa 'yar roba, nan take a ce akwai ko babu. Wanga ciwo nawa, mi ya hana a gane shi ga jini? Kullum sai na baro albasa tana jin ƙishirwa?" Na ce, "Kawu, ba ni lokaci in bincika."

Abin da na samo shi ne gwajin akwai shi, kuma yana aiki. Sai dai ba irin na masassara ba ne, kuma dajin Kawu yana cikin waɗanda suka fi ba shi wuya.

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, in ka cire irin su jajayen ƙwayoyin jini, kusan kowace tana ɗauke da kwafin littafin halittar mai ita. Littafin shi ne DNA, wanda masu karatun Faransanci suka sani da ADN. Da baƙaƙe huɗu kacal aka rubuta shi, A da C da G da T, amma jerin ya kai wajen biliyan 3. Kullum ƙwayoyi na mutuwa wasu na maye gurbinsu, kuma wadda ta mutu littafinta yakan yayyage, guntayen su zube cikin jini. Ƙanana ne, yawancinsu baƙaƙe 166 ko kusa da haka. Ba sa kuma daɗewa: tsakanin minti 16 zuwa awa biyu da rabi, jiki ya share rabinsu. Wannan saurin ɓacewar shi ne duk darajar gwajin. Abin da aka samu a jini yau labarin yau ne, kamar jan ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gada.

Faransawa biyu, Mandel da Métais, su suka fara ba da labarin wannan ɓurɓushi a 1948, tun kafin ma a gano siffar DNA a 1953, kuma ba wanda ya kula su. A 1977 aka nuna cewa masu ciwon daji sun fi sauran mutane yawansa. A 1994 aka fara kamo alamar daji takamaimai daga jinin marasa lafiya. A 1997 Dennis Lo ya gano DNA ɗin ɗan tayi yana yawo a jinin uwa, abin da ya buɗe wa fannin ƙofa gaba ɗaya.

Wahalar ita ce mafi yawan ɓurɓushin nan daga lafiyayyun ƙwayoyi yake, musamman fararen ƙwayoyin jini. Na daji, wanda ake rubutawa ctDNA a takardun likitoci, wani lokaci bai kai ɗaya cikin dubu ba. To yaya za a ware shi? Ka je kasuwar dabbobi ta Tawa ka ga yadda mai neman ɓataccen raƙumi ke yi. Ba fuskokin raƙuma yake bi ba, shaidar wuta yake dubawa a wuya ko cinya. Daji ma yana da tasa shaidar. Asalinsa tuntuɓen alƙalami ne wajen kwafe littafin nan, kuma duk ƙwayar da ta fito daga wadda aka yi kuskuren a kanta za ta gaji kuskuren, har guntayen da za ta zubar bayan ta mutu.

Shaidar da ta fi shahara a melanom an gano ta a 2002, a Cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij a Ingila. A wani babi na littafin mai suna BRAF, baƙi ɗaya ne tak ya sauya, T ya koma A a gurbi na 1799. Sunan kuskuren V600E. Wannan baƙi ɗaya yakan danne makunnin da ke ce wa ƙwaya ta hayayyafa, ya bar shi a kunne ba dare ba rana. Wajen rabin melanom ɗin Turawa na ɗauke da kuskuren BRAF, kusan ɗaya cikin biyar kuma suna da na wani babin, NRAS.

Na'urar da ake nemansa da ita 'yar'uwar wadda muka sani ce lokacin korona a 2020, sanda kowa ya koyi kalmar PCR a bakin ma'aikatan CERMES, cibiyar binciken lafiya ta nan Yamai. Bambancin shi ne wannan takan raba samfurin zuwa ƙananan ɗigo wajen 20,000 a cikin wani mai, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk matar da ta taɓa tsintar tsakuwa a shinkafa ta san dalili: a cikin buhu ba za ki gan ta ba, sai kin baza kaɗan-kaɗan a faifai. Ɗigon da ke da kuskuren yakan yi haske, na'ura ta ƙirga, sakamako ya fito da lamba: kwafi kaza a kowane mililita na ruwan jini. Masu shan maganin sida sun riga mu sanin irin wannan lissafin, don haka ake ƙirga musu yawan ƙwayar cuta. Lamba ta sauka, magani na ci. Ta hau, akwai magana. Akwai kuma wata hanya mai tsada, inda ake fara karanta naman dajin mutum, a zaɓi shaidu da yawa nasa na kansa, a haɗa masa gwajin da ba zai yi wa wani aiki ba. Na kamfanin Natera mai suna Signatera shaidu 16 yake bi.

Da can wannan bin diddigin ba shi da wani amfani, don ko an gano daji ya bazu ba abin da za a yi. Kafin 2011, wanda melanom ya kai masa hanta ko huhu yawanci wata shida zuwa tara ya rage masa. A shekarar ne magunguna iri biyu suka shigo. Na farko su ne masu toshe BRAF kai tsaye: vemurafenib, daga baya dabrafenib da trametinib a haɗe. Ƙwayoyi ne na haɗiya, suna narkar da ƙari cikin makonni, amma sau da yawa daji yakan koyi kauce musu cikin shekara guda ko kusa. Na biyu su ne masu kwance wa garkuwar jiki dabaibayi ta kama dajin da kanta: ipilimumab a 2011, sai pembrolizumab da nivolumab a 2014. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan sun karɓi kyautar Nobel a 2018 kan binciken da ya haifi wannan. A babban gwajin CheckMate 067, kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa nivolumab da ipilimumab suna raye bayan shekara 10. Daga wata tara zuwa shekara goma, ba ƙaramin abu ba ne. Amma magungunan na da tsadar gaske, suna iya sa garkuwa ta juya ta kama hanji ko hanta ko huhu, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba. Saboda haka tambayar da ke hana likita barci ita ce: yana ci ko ba ya ci, kuma yaushe zan sani?

Tsofaffin ma'aunai biyu ne. Sikana, wadda ake yi bayan kamar wata uku, girman ƙari take aunawa. Sai wani sinadari a jini mai suna LDH, wanda ke cikin tsarin tantance matakin melanom na duniya. LDH yana da arha kuma ana yin sa a labo da yawa a nan, amma makaho ne, duk abin da ya farfasa ƙwayoyin jiki sai ya hau. Masassarar cizon sauro tana ɗaga shi, sikila tana ɗaga shi, ciwon hanta haka, har jinin da ya lalace cikin kwalba wajen ɗauka. In LDH ɗin manomi ya hau a watan Satumba a ƙasar nan, daji ne ko sauro? A Jamus da wasu ƙasashen Turai suna ƙara wani mai suna S100B, shi ma ba ya rasa ruɗu.

Ɓurɓushin DNA ya fi su kaifi a wurare uku, kuma a kowane akwai binciken da ya nuna haka.

Na farko shi ne sanin ko magani na ci tun da wuri. Masu bincike a Jami'ar New York ƙarƙashin David Polsky sun ɗauko jinin da aka ajiye daga wani gwajin dabrafenib da trametinib, suka buga sakamako a 2021 a mujallar Lancet Oncology. Cikin mutum 345 masu dajin da ya bazu kuma mai ɗauke da kuskuren BRAF, sun kamo shi a jinin 320 kafin a fara magani. Wanda lambarsa ta fi yawa, kwanansa ya fi gajarta. Abin da ya fi muhimmanci, waɗanda ɓurɓushin ya ɓace musu a mako na huɗu sun fi daɗewa daji bai motsa ba, sun kuma fi tsawon rai. Mako huɗu, lokacin da ranar sikana ko kusa ba ta yi ba.

Na biyu ya shafi wani ruɗu da maganin garkuwa ke kawowa. Wani lokaci sojojin jiki sukan yi wa ƙari dafifi har ya kumbura, sikana ta nuna ya ƙara girma alhali mutuwa yake yi. Likitan da ya tsorata ya dakatar da magani ya yanke wa mara lafiya igiyar da ke fitar da shi daga rijiya. A Sidni ta Ostareliya, a wani bincike na 2018, mutum 29 ne hoto ya nuna ciwonsu ya ci gaba. Tara daga ciki kumburin ƙarya ne, kuma duk taran jininsu ya nuna ɓurɓushi babu ko ya faɗi warwas. Cikin 20 da ciwon ya ci gaba da gaske, 18 jininsu ya faɗi gaskiya. Mutanen kaɗan ne, amma bambancin a fili yake.

Na uku shi ne matakin Kawu, wato wanda daji ya kai kaluluwa, aka yi aiki aka kwashe, hoto ya ce fes. A 2025 ayarin New York ɗin nan suka sake bugawa, a kan mutum kusan 600 masu wannan matakin. Kashi 13 cikin 100 ne kawai aka samu ɓurɓushi a jininsu bayan aiki, amma wajen kashi 80 cikin 100 na waɗannan ciwon ya dawo musu. A nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara, don da yawa daga waɗanda jininsu bai nuna komai ba su ma ya dawo. In gwajin ya ce akwai, to a tashi tsaye. In ya ce babu, abin da yake nufi kawai bai gani ba. Masu sida sun san wannan ma: a ce ba a ga ƙwaya a jini ba, ba a ce an warke ba.

Akwai wuraren da kogin ba ya kwaso komai. Dajin da ya zauna a hanta ko ƙashi yana zubar da ɓurɓushi da yawa, na huhu da na ƙarƙashin fata kaɗan. Na ƙwaƙwalwa kusan shiru, saboda akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, ga shi kuma melanom yana son hawa kai. Dattawan karkara sun san aikin Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, ko da ba su san sunansa ba, tunda cibiyarsa na cikin waɗanda suka yi yaƙi da kurkunu har aka tabbatar Nijar ta rabu da shi a 2013. A watan Agusta na 2015 ya sanar cewa an samu melanom a hantarsa da ɗigo huɗu a ƙwaƙwalwarsa. Aka yi masa gashi da haske, aka ba shi pembrolizumab, ya rayu har Disamba 2024, yana da shekara 100. Irin waɗannan ɗigon na kai hoton IRM ne, wani irin hoto mai leƙa cikin ƙwaƙwalwa, ke kamo su, kuma ba gwajin jinin da ya isa ya sallami wannan hoton a yau. Sannan akwai ƙararrawar ƙarya: da tsufa, ƙwayoyin jinin mutum su ma sukan tara nasu kurakuran ba tare da wani daji ba, gwajin da ke lalube da faɗi ya kamo su a ɗauka na ƙari ne.

Duk wannan ya shafi kowa. Ga wanda ya shafe mu.

Melanom ɗin da aka gina wannan ilimi a kansa na masu farar fata ne, wanda rana ke haddasawa. Shi ya sa Ostareliya da New Zealand suka fi kowa yawansa. A 2020 an ƙiyasta sababbin kamuwa wajen 325,000 a duniya, mutuwa wajen 57,000, mafi yawa a ƙasashen Turawa. Baƙar fata tana kare mu daga wannan sosai, har wasu ke cewa baƙin mutum ba ya dajin fata. Yana yi. Namu yakan fito inda baƙin ya yi ƙaranci kuma rana ba ta isa: tafin ƙafa, diddige, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Shi ya kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, daga wani baƙin tabo a ƙarƙashin farcen ƙafa da aka fara ɗauka ciwon ƙwallo ne. Kuma a ciki ba ɗaya suke da na rana ba. Masu kuskuren BRAF a wannan nau'in ba su wuce kamar ɗaya cikin biyar ba. Wasu na da na NRAS, wasu na wani babi mai suna KIT. Da yawa kuwa ba sauyin baƙi ɗaya ne matsalarsu ba, shafuka ne sukutum aka maimaita ko aka yage. Maganin garkuwa ma bai cika yi musu aiki kamar yadda yake yi wa na rana ba.

Ka ga inda gizo ke saƙa. Gwajin ɗigo mai ɗan sauƙin kuɗi abin da aka ce ya nemo kawai yake nemowa. In ka tura shi neman BRAF a jinin wanda dajinsa ba shi da BRAF, zai dawo ya ce babu ko da ciwon ya cika hanta. Ka aika yaro kasuwa neman raƙumi mai shaidar wani gida, alhali naka wata shaidar ke gare shi, laifin ba na yaro ba ne. Binciken New York guda biyu da na ambata duk a kan masu BRAF aka yi su, da gangan, don maganin da ake gwadawa nasu ne. Manomin Adar mai gyambo a diddige, in ba a yi sa'a ba, ba ya cikin lissafin.

Shi ya sa ni hankalina ya fi karkata ga wata hanya da ake kan gwadawa. Wanda ya yi makarantar allo ya san baƙi ɗaya ne, amma wasali na sauya karatu. DNA ma yana da wasu 'yan alamomi na sinadari, ana ce musu metil, da ke zama a kan baƙaƙe ba tare da sun canza su ba, aikinsu su ce a karanta wannan babi ko a rufe shi. Daji yakan rufe babukan da ke taka masa birki, irin su RASSF1A, kuma guntayen da ya zubar a jini suna tafe da wasullansu. Tunda wannan salon rufewar yakan yi kama a marasa lafiya da yawa, ana fatan a samu gwaji guda da zai yi wa mai BRAF da marar shi aiki, ba sai an fara tono shaidar kowa ba. Har yanzu a hannun masu bincike yake. Kuma in ba a sa jinin masu dajin tafin ƙafa daga Afirka cikin waɗanda za a auna shi a kansu ba, za a sake ɗinka riga ne da awon wani. Wannan aiki ne da ya dace da tsangayar likitanci ta Jami'ar Abdou Moumouni da takwarorinta na yankin, ko da kuwa abin da za a fara da shi tara nama da jini ne a firiza da rubuta tarihin kowane mara lafiya.

Wata ƙanwata da ke aiki a labo ce ta sauko da ni ƙasa daga wannan dogon buri. Ta ɗauko kwalbar jini, irin wadda ake ɗaukar jini da ita kullum, ta ce: "Yaya, ka ga wannan? In ba a juya ta a na'ura an ware ruwan cikin 'yan awoyi ba, fararen ƙwayoyi za su fashe su zubo nasu DNA, ɗan abin da kake nema ya nutse." Bayan an ware kuma sai firiza mai tsananin sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa. Akwai kwalabe na musamman da ke riƙe jini har kwana 14, amma sharaɗinsu kada zafi ya wuce digiri 37. Tawa a watan Afrilu ta wuce 40 a inuwa, balle cikin wurin sa kaya na motar safa. Ba abin da ya gagara ba ne, tunda ma'aikatan rigakafi sun yi shekaru suna kai allurai ƙauyuka cikin akwatin sanyi, samfuran shan-inna da na sida ma suna tafiya haka. Kwalba ta yi tafiyar kilomita 550 ya fi dattijo ya yi ta. Amma sai an shirya, ba a miƙa wa direba a ce Allah ya kiyaye hanya ba.

Saura tambayar da masu tallan gwajin ba sa son a yi: sanin abu da wuri yana ƙara kwana? Ba kullum ba. A dajin ƙwan mace, wani babban gwaji da aka buga a 2010 ya nuna fara magani da zarar alamar CA125 ta hau a jini bai ƙara wa mata tsawon rai ba, sai dai ya ƙara musu watannin wahalar magani. A dajin hanji kuwa, gwajin DYNAMIC na Ostareliya a 2022 ya nuna bin ɓurɓushin DNA ya rage waɗanda ake ba maganin kemo daga kashi 28 zuwa 15 cikin 100 ba tare da ciwon ya ƙara dawowa ba. A melanom ana kan irin waɗannan gwaje-gwajen, shi ya sa ko a Turai da Amurka gwajin jinin ɗan rakiyar hoto ne, bai gaje shi ba. A nan kuma akwai ƙarin nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nivolumab da pembrolizumab cikin jerin magungunan dole tun 2019, saboda melanom ɗin nan, amma shiga jeri daban, shiga aljihun manomi daban. Gwajin da zai ce maka ciwo ya dawo wata uku kafin hoto, alhali ba maganin da za ka iya saye, wata uku na fargaba ya sayar maka. Inda nake ganin zai yi mana rana shi ne in ya sa aka kama ciwon yana wuri guda, lokacin da wuƙar likita ko gashin haske za su iya kai masa, tunda Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai ta samu na'urar gashi a 2021.

'Yan'uwanmu zabiya fa? Nasu dajin fatar yawanci wani nau'in ne, ba melanom ba, kuma rana ce ke jawo shi a fuska da wuya da kunne. Gwajin jini a kansa bai kai na melanom nisa ba. Malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kariya da cire ɗan ƙurji tun yana ƙarami sun fi musu kowace na'ura.

Da na koma wa Kawu da bayani, na gaya masa sikana tana nan daram, sai ya yi tsaki ya ce ashe dai albasa za ta ci gaba da haƙuri. Abu ɗaya na yi da shawarar ƙanwata. Naman da aka yanka masa ba a zubar ba, an daskarar da shi cikin kaki, ɗan ƙaramin tubali da bai kai kwalin ashana ba, da lamba a gefe. Daga wannan tubalin ake karanta ko dajinsa na da BRAF ko KIT ko NRAS, kuma ko shekaru sun wuce ana iya karantawa. Ba tare da shi ba, babu shaidar da za a ba na'ura ta nema, babu kuma sanin ko ƙwayoyin toshe BRAF za su yi masa amfani ranar da aka buƙace su. Na rubuta takardar neman a ba mu shi don a aika waje, aka ba mu a cikin ambulan. Ƙanwata ta ja kunne kada a bar shi a rana ko cikin mota, kaki ne, zai narke. Kafin kuɗin aikawa su haɗu, Inna ta naɗe shi a tsumma ta sa a gwangwanin madara tare da katin asibitin Kawu, ta ajiye a bayan randa, inda ta ce nan ne ya fi ko'ina sanyi a gidan.